Dunƙulen gashi a cikin 'yata: batun tiyata da batun makaranta

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka a sakaya sunana. 'Yata mai shekara 9 tana da lalurar otizim (lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane), maganarta ba ta da yawa. Ta daɗe tana yin loma biyu ta ture kwano, ga amai, ga rama, ga warin baki. Da aka zura mata kyamara ta maƙogwaro sai aka tarar da dunƙulen gashi ya cika mata tumbi, likita ya ce sai an yi aiki. Ashe sanƙon da ke gefen kanta ita ke tsige gashin tana haɗiyewa. Malamar ajinsu ta ce ai ta sha ganinta, buge mata hannu take yi sai ta bari. Shin babu hanyar fitar da shi ba tare da yanka ba? Kuma idan zan sauya mata makaranta, yaya zan gane malaman da suka san aikinsu?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba ta lafiya. Ruwan ciki ba ya narkar da gashi, kuma santsin gashin ba ya barin tumbi ya tura shi gaba. Sai ya maƙale, ya cakuɗe da majina da guntun abinci, a hankali har ya ɗauki siffar tumbin kansa. Wani lokaci jelarsa kan zarce cikin ƙaramin hanji, irin wannan shi likitoci ke kira ciwon Rapunzel, an fara bayyana shi a 1968. Idan ƙarami ne akan gwada ciro shi da kyamara, amma wanda ya cika tumbi da wuya ya fito ta nan. Barinsa kuwa yana iya jawo gyambo, ko huda tumbi, ko toshewar hanji. Ki tambayi likita ko hoto ya nuna jela, ki kuma roƙi a auna jininta, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe yakan zo tare da wannan ɗabi'a. Idan cikinta ya kumbura ya yi tauri, ko amanta ya koma kore, kada ki jira ranar da aka ba ku.

Wani ɗan uwa: Ni na ji Coca-Cola na narkar da irin wannan, ki gwada tukuna.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, wancan don dunƙulen da ya taru daga zaren tsirrai ne, shi ma a hannun likita. Ba ya taɓa gashi.

Wani malamin yara masu buƙata ta musamman: Hajiya, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar malamar. Ta gani, ba ta rubuta ba, ba ta sanar da ke ba. Buge hannu kuwa ɓuya kawai yake koya wa yaro. Malamin da ya samu horo na gaske zai riƙe littafi: yaushe take tsigewa, me ya faru kafin nan, me ya biyo baya. Hayaniyar aji ce, ko zaman banza, ko aikin da ya fi ƙarfinta? Daga nan ake sama wa hannun abin yi, a yaba mata duk lokacin da ta riƙe shi.

Idan kin je sabuwar makaranta kada fenti da kayan wasa su ruɗe ki. Ki tambayi wanda zai riƙe ajin inda ya yi karatun, da ko ya yi koyarwar gwaji a ƙarƙashin gogaggen malami, don taron bita na kwana biyu ba ya mai da mutum ƙwararre. Ki ce a nuna miki yadda suke rubuta wa kowane yaro tsarin karatunsa, da manufofi da lokacin sake dubawa tare da iyaye. Yara nawa ne a hannun malami ɗaya? Sannan ki jefa musu wannan: idan kuka ga yaro ya sa abin da ba abinci ba a baki, me kuke yi? Wanda ya fara kame-kame, kin samu amsa. Kuma ba alfarma kike nema ba. Sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006 ya ɗora wa ƙasashen da suka amince da ita horar da malamai a kan koyar da masu nakasa.

Wata uwa: Yaya, aske kai kaɗai ba ya wadatarwa. Nawa da na aske masa sai ya koma zaren bargo da gashin da ke jikin mataji. Ki nemi a haɗa ku da likitan ɗabi'ar yara tun kafin a sallame ku, don idan ɗabi'ar ba ta tsaya ba dunƙulen na iya dawowa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Mun amince da aikin. Malam, in karɓi bayani a rubuce daga likita in kai wa makarantar, ko in bari sai sun tambaya?

Malamin: Ki kai musu tun ranar farko, ki ce a sa a fayil ɗinta, kuma duk mai shiga ajin ya karanta, har da mai raka yara banɗaki.