Résilience: wane suna za mu raɗa mata da Hausa?

Jama'a, ga wata kalma da nake so mu daddale: résilience. Duk wanda ya yi boko da Faransanci a Garwa ko Marwa ya saba jin ta, musamman a bakin ma'aikatan agaji tun da rikicin Boko Haram ya raba mutane da gidajensu a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru. Ni kuwa sharhi nake rubutawa kan labaran ƙirƙira na mutanen zamanin dutse, kuma duk inda na juya sai na ci karo da ita.

Irin labaran nan tafiyarsu kusan ɗaya ce. Ku ɗauki La Guerre du feu na J.-H. Rosny aîné, wanda ya fito a 1911, aka mai da shi fim a 1981. Wutar wata ƙabila ta mutu, su kuwa adana ta kawai suka iya, ba su iya kunna ta ba. Sai Naoh, tauraron labarin, da abokansa biyu suka bazama neman wata. Ba ƙarfin damtse kaɗai ke riƙe da labarin ba. Abin da ke riƙe da shi shi ne mutum ya rasa komai, ya kwana cikin sanyi da tsoro, gari ya waye ya sake miƙewa. Wannan miƙewar nake nema wa suna.

Wata malama daga Ngaundere ta ce: "Malam, ai ba sai an wahala ba, haƙuri ne. Maƙwabtanmu Fulani na cewa munyal."

Malama, da girmamawa, haƙuri bai zauna a nan ba. Mai haƙuri ya karɓi abin da ya same shi, ya miƙa lamarinsa ga Allah, ya kame bakinsa. Hali ne babba, amma da Naoh haƙuri ya yi, da suna zaune a bakin fadama har sanyi ya gama da su. Ƙari a kan haka, haƙuri a kunnenmu yana ɗauke da ƙamshin wa'azi da ƙaddara, marubutan nan kuwa da gangan suke zana mutanen da ba su da littafi, ba su da malami.

Jarumta ma an kawo ta. Wannan ta fagen fama ce, mu wuce.

Juriya ce ta fi ba ni wahala, don ita ce 'yan jarida suka fi amfani da ita, kuma ba laifi suka yi ba. Sai dai juriya tana tsayawa ne a lokacin da wuya ke kanka: ka jure yunwa, ka jure ciwo. Ba ta ce komai game da bayan wuyar. Ita kuwa kalmar Faransancin daga ilimin ƙarafa aka aro ta, inda ake auna yadda ƙarfe ke shan bugu bai karye ba, tushenta na Latin kuma na nufin tsalle a dawo baya. Likitan ƙwaƙwalwa Boris Cyrulnik ne ya yayata ta a Faransa a ƙarshen shekarun 1990, yana magana kan yaran da suka ga bala'i amma suka sake gina rayuwa. Ashe rabin ma'anar juriya ce, ɗaya rabin farfaɗowa.

Wani dattijo daga Kusiri ya ce: "Ɗana, me ya hana ka taurin rai? Sabara fa, kowace shekara manomi na sare ta, damina na faɗuwa ta sake toho."

Baba, wannan ta shige ni. Taurin rai na da ƙura da gumin da labaran nan ke buƙata. Damuwata ɗaya, mukan faɗe ta ne da ɗan mamaki ko ma zolaya, a kan kyanwa ko maciji da ya ƙi mutuwa. A bakin ɗan wasa cikin labari, daram ta zauna. A cikin sharhi, ban yarda a ce wa uwar da ta binne 'ya'yanta ta ci gaba da tafiya "mai taurin rai" ba.

Don haka ga inda na tsaya: ƙarfin farfaɗowa. Tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙarfin zuciya, wadda dama ta wadatar wa force intérieure. Gwada ku ji: "Ƙarfin zuciya ya fitar da shi neman wuta, ƙarfin farfaɗowa ya tashe shi bayan ya faɗi."

Za mu buƙace ta kuwa, ranar da namu marubutan suka waiwayi abin da ke ƙofar gida. A hamadar Jurab ta Chadi aka tono ƙoƙon kan Toumaï, wata tsohuwar halitta dangin ɗan Adam, a 2001, mai shekara kusan miliyan 7. Duwatsun Ennedi cike suke da zanen shanu a inda yau sai rairayi, ga kuma zanen da aka sassaƙa a duwatsun Bidzar kusa da Gidar. Makiyayan da Sahara ta bushe a ƙarƙashin ƙafarsu suka gangaro kudu, labarinsu na jiran mai rubutawa.

Wani ɗan'uwa daga Njamena ya ce kalmar ta yi tsawo, a rediyo juriya za a ci gaba da cewa. Na yarda da shi a kan rediyo. A sharhina dai ƙarfin farfaɗowa zan sa, taurin rai kuma na bar wa 'yan wasa.