Me za mu kira "safaktan" da Hausa?

Ma'aikaciyar jinya, ɗakin bakwaini, Gombe:
Assalamu alaikum. Ana shirya takardar wayar da kan iyaye mata game da numfashin bakwaini, an cije a kalma ɗaya: safaktan. Sinadarin nan ne da huhu ke yi da kansa, ya shafe cikin 'yan jakunkunan iska don kada su manne in an fitar da numfashi. An kawo "majinar huhu" da "man huhu". Wanne ya fi?

Likitan yara:
Wa alaikumus salam, Sista. Majina dai a cire ta tun yanzu, domin kuskuren da aka daɗe ana yi ke nan. A da, in an duba huhun bakwainin da ya rasu, akan ga wata yana mai kama da gilashi a cikin jakunkunan, sai aka ɗauka ita ce ke kawo wa bakwaini ciwon numfashi, har aka raɗa wa ciwon sunanta. A 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead, a Jami'ar Harvard ta Amurka, suka gwada huhun jariran da wannan ciwo ya kashe da na waɗanda wani abu dabam ya kashe. Suka nuna ba wani abu ne ya yi yawa ba, wani abu ne babu, wato safaktan. Yanar daga baya take biyowa. In muka ce majina, uwa za ta nemi a zuƙe, alhali ƙarawa ake yi.

Ungozoma:
"Man huhu" ma ina tsoronsa, Likita. Kaka ta ji an ce jikanta ba shi da mai, sai ta ɗura masa man shanu, ya shaƙe.

Malamin Hausa:
Hajiya ta yi gaskiya, mai abin sha ne ko shafawa. Likita, da me aka yi shi, kuma yaya yake aiki? Daga nan suna zai fito.

Likitan yara:
Malam, ka ɗauki ledar ruwa da aka shanye. Danshin ciki kan sa gefe ya kama gefe, sai ka hura da ƙarfi kafin ta buɗe. Haka huhun bakwaini yake a kowane numfashi. Shi ya sa za ka ga yana numfashi fiye da sau 60 a minti, ƙirji na loɓawa ƙasan haƙarƙari, hanci na buɗewa, yana nishi. Nishin nan dabara ce, iska yake riƙewa don kada jakunkunan su rufe gaba ɗaya. Sinadarin shi ke rage kamun danshin. Wajen kashi 90 cikin 100 nasa dangin kitse ne, sauran furotin. Huhu kan fara yin sa wajen mako na 24 na ciki, ba ya wadata sai wajen mako na 34 zuwa 35.

Malamin Hausa:
To aikinsa na sabulu ne, jikinsa na kitse. "Sabulun huhu" zai sa a zaci wanki ne. Ina ba da shawarar "maiƙon huhu". Maiƙo shi ke hana abu kamawa, kuma ba wanda ke zuwa kasuwa sayen maiƙo a kwalba.

Mai haɗa magunguna:
Na yarda, amma a bambanta na halitta da na allura. Tetsuro Fujiwara na Japan ne ya fara nasarar zuba shi ga jarirai 10 a 1980, daga huhun shanu. Yau akwai Survanta na shanu, mililita 4 kan kowane kilo, da Curosurf na alade, mililita 2.5 kan kilo a zubin farko. Wannan bambanci iyaye a nan za su tambaya, gara a faɗa musu tun farko. A firji ake ajiye shi, digiri 2 zuwa 8, a ɗumama shi kafin amfani, ba a girgizawa.

Likitan yara:
"Na allura" ma a gyara, ba a jijiya ake sa shi ba. Ta siririn bututu ake zuba shi cikin maƙogwaro. In bututun ya zarce ƙasa, sai ya faɗa reshen hanyar iska na dama, huhu ɗaya ya sha, ɗayan ya zauna a manne. Kuma da ya shiga, huhu kan buɗe cikin mintuna, dole a rage iskar oksijin da ƙarfin na'urar numfashi nan take, in ba haka ba huhu na iya fashewa, yawan oksijin kuma na lalata idon bakwaini.

Ungozoma:
A sa rigakafin ma. In naƙuda ta taso tsakanin mako na 24 da 34, a asibiti akan yi wa uwa allurar dezametason, miligiram 6 duk awa 12, sau huɗu, don huhun ɗan ya gaggauta yin nasa maiƙon.

Ma'aikaciyar jinya:
Na gode ƙwarai. Na rubuta "maiƙon huhu", na kwalba kuma "maiƙon huhu na asibiti", ciwon "ƙarancin maiƙon huhu". Malam, duba jimlar farko: "Bakwaini yakan zo kafin huhunsa ya gama yin maiƙonsa."

Malamin Hausa:
Ta zauna, Sista. Ki ƙara a ƙasa: "Ba a ba shi ta baki."