An biya bashi amma suna na nan a jerin waɗanda suka gaza biya

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Idan mutum ya gama biyan bashin banki da ya makara, amma har yanzu rahoton tarihin bashinsa yana nuna ana bin sa, yaya zai yi a goge?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Malam, fara da bankin. Ka nemi takardar shaidar cewa ba sa bin ka ko kwabo, mai sa hannu da hatimi. Sannan ka ciro rahotonka daga kamfanonin adana tarihin bashi, wato CRC, FirstCentral da CreditRegistry, duka ukun, don gyara a ɗaya ba ya kaiwa sauran. Dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba ka rahoto ɗaya kyauta a shekara. Ka shigar musu da ƙorafi a rubuce, haɗe da takardar, rasit da lambar BVN.

Amsa ta 2: A ƙara da wannan: ba a goge tarihin gaskiya. Abin da za a canza shi ne a rubuta "an biya", ragowar ta koma sifili. Makarar tana nan aƙalla shekara 6. Duk wanda ya ce kawo kuɗi ya share maka, ɗan damfara ne.

Amsa ta 3: Inda ake yawan tuntuɓe: an biya uwar kuɗi, an bar ɗan ruwa ko tarar makara, sai asusun ya ƙi rufuwa. Ka nemi cikakken lissafi kafin takardar. In banki ya yi shiru mako 2 bayan ka kai masa ƙorafi, kai ƙara sashen kare masu hulɗa na CBN, ka kuma ce a gyara bayaninka a CRMS, wato rumbun bayanan masu bashi na CBN.