Wace kalma za mu ba "Radfahrer" na Jamusawa?

Jama'a, ina neman shawararku kan wata kalma.

Jamusawa na kiran mai ƙasƙantar da kansa gaban manya Kriecher, wato mai rarrafe, ko Speichellecker, mai lasar yawun wani. Turawan Ingila kuma su ce bootlicker ko toady. Ita toady asalinta yaron boka ne na ƙarni na 17, wanda ke cin kwaɗo a bainar jama'a don ubangidansa ya nuna ya cire masa dafi, magani ya samu kasuwa.

Na ga wasu sun fara rubuta "mai lasar takalmi" a Hausa, wato fassarar bootlicker. Gaskiya ba ta kwanta mini ba, don ba haka muke magana ba. "Mai rarrafe" ma ba za ta yi ba, jariri za ta kawo wa mai karatu a rai. Kuma a wurinmu sunkuyawa ladabi ce: yaro ya cire takalmi ya durƙusa ya gaida kakansa, ba wanda zai ce ya zubar da mutunci. Abin ƙi shi ne kwaɗayin da ke bayan durƙuson, kuma muna da sunansa tun tuni: tumasanci. Na fi son ta a kan fadanci, domin bafade na gari yana da aikinsa a fada.

Wadda ta gagare ni ita ce Radfahrer. Ma'anarta mai tuƙa keke, amma Jamusawa na faɗa wa wani irin ma'aikaci ita. Ku dubi mai keke: baya a sunkuye, ƙafafu na ta danna feda. Sama yana rusunawa, ƙasa yana takawa. Shi ne wanda in maigida ya shigo ofis zai miƙe zumbur ya karɓi jaka, "ranka ya daɗe" ba ƙaƙƙautawa, ƙofa na rufuwa ya juya ya daka wa masinja tsawa kan shayin da ya huce. Tumasanci ta kama rabin halinsa ne kawai, ta bar zaluncin, alhali shi ne ya fi ciwo ga na ƙasa.

Shawarata ita ce "rusuna-taka", bisa ginin faɗi-tashi da kai-komo. Namiji ɗan rusuna-taka, mace 'yar rusuna-taka, jam'i 'yan rusuna-taka.

Dattawanmu na Sakkwato, Katsina da Damagaram, in akwai tsohuwar kalma da ta haɗa halayen nan biyu, don Allah ku kawo ta, ita za mu ɗauka.