Kayan ɗakin kakarmu: wanne zan riƙe, wanne zan bari a sayar?

Ummin Sadik:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen.

Kakarmu ta wajen uba ce ta rasu wata biyu kenan, Allah Ya jiƙanta. A cikin gari take nan Kano, gidan ƙasa irin na da mai azara. To satin da ya wuce aka buɗe ɗakinta za a fitar da kaya, ni da Goggona muka shiga, wlh tun ina ƙarama nake shiga ɗakin nan amma ban taɓa tsayawa na kalli abin da ke ciki ba sai ranar. Gadon ƙarfe mai rumfa, a ƙarƙashinsa kwalla ce jere tun daga babba har ƙarama kowacce da murfinta, wasu ko sau ɗaya ba a taɓa zuba abinci a ciki ba, ga tasoshi na tagulla sun yi duhu, ga akushi guda biyu baƙaƙe wuluk ɗaya ya ɗan tsage a baki, ga adudu da zannuwan saƙi a ciki har yanzu ƙamshin turarenta na jiki, ga fitilar ƙwai, ga dutsen guga na gawayi mai ɗan zakara a ka. A tsakar gida kuma dutsen niƙa da ɗansa, sai randarta da take rabi a binne cikin yashi gindin bango.

Akwai wani abu ma da ban san sunansa ba, kamar raga ce ta igiya an rataye ta a jikin azara da ƙwarya a zaune a ciki. Goggo ta faɗa min sunan a lokacin amma kuka ya sha kaina ban riƙe ba.

Damuwata ita ce Baffa ya kira ɗan gwangwan, mutumin ya zo ya jijjiga gadon ya ce a kilo zai saya har da tasoshin da dutsen gugar. A kilo fa jama'a. Abin ya tsaya min a rai na kasa barci. Ni kuma gidan haya nake ɗaki biyu da falo, ba zan iya kwashe komai ba, maigidan ma ya ce kar na cika masa gida da tarkace. To a cikin kayan nan wanne ne yake da amfani har yau, wanne ne ya kamata na riƙe ko don yarana su gani? Ɗana ɗan shekara bakwai da ya ga fitilar tambayata ya yi a ina ake sa mata caji.

Goggon Yara:

Wa alaikumussalam 'yata. Allah Ya jiƙan Hajiya Ya sa ta huta, Ya ba ku haƙuri.

Abin da kika gani a rataye sunansa ragaya. A nan ake ɗora ƙwaryar nono ko fura ko sauran tuwon dare saboda kyanwa da ɓera da kiyashi, kuma iska tana ratsa shi ta ko'ina ba ya saurin lalacewa. Ita ce firjinmu a da.

Kwallar nan kuwa kar ki kalle ta a matsayin kwano. Wannan jere ne, dukiyar mace ce. Ni da aka yi min aure a Zariya, tun ina 'yar shekara tara Innarmu take tara min su ɗaya bayan ɗaya da kuɗin ƙuli-ƙuli da adashi, ranar jere mata suka cika ɗaki ana ƙirgawa ana gani. Kuma ba don ado kawai ba ne, in gari ya yi zafi ko yaro ya kwanta ciwo maigida ba ya nan, sai ki zari guda biyu ki aika da su kasuwa ko gidan dillaliya, buƙata ta biya ba wanda ya ji. Kafin kwalla iyayenmu ƙore suka jera da tasa, bayan mu aka zo yayin samira da tangaran, yanzu kuma naga sai kuloli da kayan wuta. Shi ya sa kika ga wasu ba a taɓa ci a ciki ba, ajiya ce. Ki ɗauki ko set ɗaya ne ki riƙe.

Amma zan faɗa miki gaskiya a kan dutsen niƙa, don na ga 'yan yanzu suna ɗaukar hotonsa suna cewa rayuwar da ta fi daɗi. Ni na yi niƙa a kansa. Kafin kiran assalatu ake tashinmu, ki durƙusa gwiwa biyu a ƙasa, gero tiya guda ko dawa ki yi ta turawa kina jawowa har hannu ya yi kanta, ga surfe da daka na jiranki in gari ya waye, mai ciki ma ba a ɗaga mata sai ta kusa haihuwa. Ciwon bayan da nake fama da shi yau na san inda na samo shi. Ranar da aka kafa injin niƙa a unguwarmu har guɗa mata suka yi. Don haka shi wannan in kin ajiye ki ajiye don tarihi, amma ba na fatan jikata ta koma kansa. Abu ɗaya zan yarda, miyar da aka niƙa kayanta a dutse ɗanɗanonta daban ne da na inji, wannan kam ba musu.

Akushin da ya tsage kar ki wanke shi ki bar shi a rana, ƙara tsagewa zai yi. Ki goge shi ki shafe shi da man gyaɗa ciki da waje ki ajiye a inuwa. Tuwo a akushi in aka rufe da faifai yana daɗewa da ɗuminsa, kuma ba ya yin gumin nan da yake yi a leda.

Malamin Firamare:

Allah Ya gafarta mata. Hajiya Goggo ta gama magana a kan jere, ni randar ce ta tsaya min.

A duk kayan da kika lissafa ita ce ban ga dalilin da ya sa muka yar ba. Fitila an samu wadda ta fi ta, dutsen niƙa an samu inji, amma randa me ya maye gurbinta? Firjin da sai da wuta, wutar da in an ɗauke a watan Afrilu sai ka ga mutum yana yawo layi layi neman ƙanƙara ana sayar masa da tsada, ko fiya wata da ta kwana a rana cikin leda. Alhali randa ba ruwanta da wuta. Jikinta yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa waje kaɗan kaɗan, iska tana busar da shi tana tafiya da zafin, shi ya sa kike ganin bayanta kullum a jiƙe, kuma shi ya sa ake binne gindinta a yashi ana yayyafa masa ruwa. Ta fi aiki da bazara da lokacin hunturu da iska take a bushe, da damina sanyin yana raguwa. In aka shafa mata fenti ko siminti a baya an kashe ta, ta zama bokiti kawai.

Kuma wannan ilimin har duniya ta yaba shi. Wani malami a Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, shi ya ɗauki tukunya ƙarama ya saka a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sai ga yalo da tumatir da alayyahu da suke lalacewa cikin kwana biyu uku suna yin sati da satittika. A kan wannan aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000. Sannan ki ɗauko naira ashirin ki juya bayanta, matar da ke zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce, da ginin tukwane sunanta ya kai har Ingila da Amurka. Mu kuma a nan mun mayar da randa alamar talauci, amarya ta ji kunya a ga randa a gidanta.

Shawarata, ta Hajiya da ta daɗe a binne da wuya ta fito lafiya, sau da yawa gindin ya riga ya yi laushi, kina ɗagawa zai zauna a wurin. Ki bar ta a gidan in akwai mai zama. Ki sayi sabuwa madaidaiciya ki cika ta da ruwa ki zubar kamar sau uku warin ƙasar ya ragu, a turara miki ita, ki ɗora a kan tsohuwar taya ko kasko mai yashi a lungun da iska ke wucewa. Ni tawa shekara shida kenan, baƙi in sun zo ita suke nufa su bar firjin.

Anti Nas:

Malam na yarda da kai amma a ƙara da abu ɗaya, don ni a asibiti nake aiki ina ganin abin da ido na. Matsalar randa ba randar ba ce, moɗa ce. Moɗa ɗaya kowa ya sha ya mayar, yaro ya fito daga banɗaki ya tsoma hannu har wuyan hannu ya ɗebo, lokacin amai da gudawa haka gida guda yake kwanciya. In za ki ajiye randa ki sa mata murfi, ki samu ludayi mai dogon hannu na ɗiba kawai a rataye shi, kowa ya zuba a kofinsa, kuma a wanke cikinta duk bayan kwana biyu uku. Yanzu ma ana yin masu famfo a ƙasa, in kin samu irinta ta fi.

Fitilar ƙwai kuwa ki ajiye ta a kan kabet don kallo amma kar ki kunna. Da ita na yi karatun jarrabawa, na san aikin wanke ƙwan da toka kullum da yamma da datse lagwani don kar ta yi hayaƙi, kuma na san yadda hanci yake wayar gari baƙi. Gara ma ita a kan aci-bal-bal da wutarta take a buɗe, labule ko gidan sauro ya taɓa shi kenan. Ga kananzir ɗin yanzu wani ana gauraya shi da fetur, ƙunar da muke gani daga fashewar fitila da risho ba abin da zan so ko maƙiyina ya gani ba ne. Balle tsada, abin da gwamnati ta taɓa tsayar da shi naira 50 lita har zuwa farkon 2016, yau ya haura dubu nesa ba kusa ba. Fitilar sola ta raba mu da wannan, Alhamdulillahi.

Ɗan Damagaram:

Allah shi jiƙan tsohuwa. Ni abin ya ban mamaki da na ji ana cewa an daina randa, mu nan wajenmu har gobe kusan kowane gida akwai ta, bakin masallaci ma da bakin hanya za ka ga an jera tuluna na sadaka mai wucewa ya sha. Tukwanen Mirya nan kusa da mu har yanzu ana gina su ana kai su kasuwanni. Dutsen guga na gawayi kuma kar ki bari ya tafi a kilo, ki kai wa tela ko mai wanki da guga da hannu biyu zai karɓa, na da ɗin nan ƙarfensu ya fi na yanzu nauyi, shadda tana kwanciya sosai a ƙarƙashinsa. Abin da na ga ya ɓace da gaske shi ne gyartai. Da in ƙwarya ta fashe ba a yarwa, ana jiran mai gyartai ya zagayo ya huda ta ya ɗinke tsaf ta koma aiki. Rabona da ganin ɗaya tun ina yaro, roba ta kashe sana'ar.

Abu Hafsa:

'Yar uwa kafin ki ɗauki ko ludayi ne, ki tuna kayan nan gado ne yanzu. Tunda mahaifinku da su Baffa da Goggo suna raye su ne magada, ke jika ce. Ki same su ki faɗa musu abin da kike so, ko su yafe miki ko a yi masa kuɗi ki biya a zuba cikin rabo. In akwai maraya a cikin magadan to sai an ƙara kiyayewa. Kuma a kai tasoshin Kasuwar Kurmi a tambayi masu kayan gargajiya kafin a ba ɗan gwangwan, tagulla ta da ba kuɗin kilo ba ce, kar a cuci magada.

Ummin Sadik:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya saka da alheri. Malam Abu Hafsa wlh ka tunatar da ni abin da ban kawo a raina ba, jiya da daddare na je na sami Baba na karanta masa duk abin da kuka rubuta, ya kira Baffa a waya suka yi magana, an dakatar da ɗan gwangwan, ranar Asabar ƙanina zai kai tasa biyu Kurmi a ji farashi.

Sun bar min akushi ɗaya, mai tsagewar na zaɓa don a cikinsa take ba mu tuwo in mun je hutu, da adudun da ragayar, kwalla set ɗaya kuma na ce a yi mata kuɗi zan biya. Gadon Goggo ce za ta ɗauka, ashe a kansa aka haife ta. Randar an bar ta a wurinta tunda matar Baffa ƙarami tana gidan, ta ce dama daga ita take sha.

Hajiya Goggon Yara na shafa man gyaɗar kamar yadda kika ce, ya shanye shi tas kafin safiya har na ƙara. Tambayata, sau nawa zan yi ta shafawa kafin na fara zuba tuwo a ciki, kuma tsagewar bakin in na bar ta haka ba za ta ci gaba ba? Ragayar kuma gidanmu silin ne ba azara, ina tunanin na sa kafinta ya kafa min ƙugiya a baranda ta wajen kicin.