Neman kalmar Hausa: me za mu kira "opera" a shirin rediyo?

Mai Fassara: Assalamu alaikum, malamai. An ba ni fassarar wani rahoto na minti biyar da za a sa a tasharmu ranar 13 ga Fabrairu, Ranar Rediyo ta Duniya, kuma dole in miƙa shi kafin azahar ɗin Alhamis. Rahoton yana bayani ne a kan shirin da ake watsawa ranar Asabar daga zauren Metropolitan Opera da ke New York, wanda aka fara ranar 25 ga Disamba, 1931, kamfanin mai na Texaco ya ɗauki nauyinsa daga 1940 zuwa 2004, kuma har yau ana yinsa. Inda na cije shi ne kalmar opera kanta, wadda ta fito sau goma sha ɗaya. Da na karanta wa mai shirya shirin sakin layi na farko, sai ya ɗauko wayarsa ya nuna mini Opera Mini, ya ce ashe tun 1931 take.

Hajiya Mai Nazari: Wa alaikumus salam. Ki ce "wasan kwaikwayo na waƙa", kowa zai gane.

Malamin Hausa: Hajiya, da wannan sunan mai sauraro zai ɗauka irin fina-finanmu ake nufi, inda ake magana, a tsaya a yi waƙa, a koma magana. A opera kuwa zancen kansa rera shi ake yi, tambaya da amsa da faɗa da kuka, makaɗa kuma suna biye. Tunda muna da rubuta da rubutacce, dafa da dafaffe, to rera za ta ba mu rerarre. Ina ba da shawarar "rerarren wasa", jam'i "rerarrun wasanni". Kalmar ta asali ma a Italiyanci "aiki" kawai take nufi, ba ta da wata martabar da za ta hana a maye gurbinta.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo: Malam, nahawunka ba shi da aibu, amma ka gwada faɗin "rerarren" sau goma sha ɗaya a gaban makirufo, fitila ja tana kunne, mai kula da na'ura yana nuna maka agogo ta cikin gilashi. A karo na huɗu harshe zai harɗe. Ƴata, ki bar opera yadda take, ki yi mata bayani sau ɗaya. Rediyon da za ki yi magana a cikinta ma ai ba mu raɗa mata suna ba.

Malamin Hausa: Da wannan hujjar ce, Alhaji, muka wayi gari ana cewa "za mu yi discussing" a tashoshin da a da ake koyon Hausa daga bakinsu. Waɗanda suka ba mu jirgin sama da na'ura mai ƙwaƙwalwa ba su ce harshe zai harɗe ba.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo: Na'ura mai ƙwaƙwalwar da kowa yake kira kwamfuta yanzu, har kai?

Ɗan Damagaram: In aro za a yi, to a yi shi da ladabin harshe, a rubuta "ofera", kamar yadda aka yi wa fensir da fasfo. Amma ina roƙon a tuna cewa ba a Kano da Zariya kaɗai ake jin rediyo ba. A wajenmu wanda ya yi lakwal ya san kalmar daga Faransanci, kuma kullum sai ku yanke hukunci a can ku aiko mana kamar sanarwar hakimi.

Hajiya Mai Nazari: Ba wanda ya yanke komai tukuna, ɗan'uwa. Malam, akwai gyara ga bayaninka, domin wasu wasannin na Jamus da na Faransa suna da magana zalla a tsakanin waƙoƙin, kuma opera ake kiransu, saboda haka "rerarre" bai rufe duka ba. Abin da ya fi damuna kuma shi ne "wasa" shi kaɗai, wanda zai iya zama dambe ko tashe. Wanda ke zaure yana ganin tufafi da takubba, ya san labari ake yi, mai rediyo kuwa murya kawai yake ji, sau da yawa cikin Italiyanci ko Jamusanci. Shi ya sa a shirin na New York mai gabatarwa yake ba da labarin abin da zai faru kafin a ɗaga labule, aikin da Milton Cross ya riƙe daga 1931 har rasuwarsa a 1975. Duk sunan da za a zaɓa, kada a cire "kwaikwayo" daga cikinsa.

Malamin Hausa: Na karɓi gyaran "kwaikwayo". Na Jamus da Faransa kuwa togiya ce, ba a rushe ƙa'ida saboda togiya.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai, malamai. Ga yadda na rubuta: "opera, wato rerarren wasan kwaikwayo da makaɗa ke rakiya", sau ɗaya a farko, daga nan sai "wasan opera" ko "wasan" kawai, wanda ya rage ambatonta zuwa sau biyar. Na bar harafin p a rubuce saboda sunan zauren, ko da yake na san mai karantawa "ofera" zai ce.

Malamin Hausa: An mayar da kalmata ƴar rakiya, amma ba komai, a bar ta ta shiga kunnen mutane ko sau ɗaya ne. Ni dai a ajina rerarren wasa zan ci gaba da cewa.

Ɗan Damagaram: Har yanzu ba wanda ya gaya mini jam'inta. Operori za mu ce, ko kuwa?

Mai Fassara: Na kauce masa da "wasannin opera". Saura "aria", wadda ta fito a sakin layi na uku, inda ake maganar gwajin da Lee de Forest, Ba'amurke mai ƙirƙirar na'urori, ya yi a watan Janairu na 1910 na watsa muryar mawaƙin Italiya Enrico Caruso daga zauren. Na sa "waƙar tilo" da fensir, in akwai mai ja ya yi magana kafin gobe da safe.