Ruwan tafkin Alhaji ya koma kore: a zubar ko a ƙyale?

Alhaji na Jidda: Salamu alaikum. Wata guda ke nan da na gina ɗan tafkin kifi a tsakar gida saboda jikoki, tsawo mita 2, zurfi iya gwiwa. Na zuba jajayen kifin ado 15. Kwana 8 kacal ruwa ya koma kamar miyar kuka, ko inuwar kifi ba ka gani. Na kwashe su a bokiti, na zubar, na dirje simintin da buroshi, na cika da ruwan famfo. Sau uku ke nan, kuma kullum sai ya dawo. Biyu sun mutu.

Kawu ɗan Maiurno: Alhaji, kai ne ka kashe su, ba koren ba. Koren ruwa lafiyar kifi ne. Mu da muka tashi a bakin kogi a ƙasar Sinnar ta Sudan, kududdufin da ya yi kore shi ne mai karfasa masu ƙiba. Ruwan da ya yi garau kamar na alwala, yunwa ce a cikinsa.

Gwaggo ta Makka: Haba Yaya! Ruwa ya canja kala ka ce lafiya? Ni ko tsallaka shi ba zan bar yaro ya yi ba. Dauɗa ce kawai, a zubar.

Malam: Hajiya, ta fuskar tsarki dai babu matsala. A mazhabarmu ta Malikiyya, ruwan da ya jirkita da abin da ke tsirowa daga cikinsa, irin gansakuka, yana nan da tsarkinsa. Maganar kifi kuwa na bar wa masu ita.

Injiniya: Kawu, rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma za ta iya kashe sauran goma sha ukun. Koren nan gansakuka ce ƙanana ƙwarai masu yawo cikin ruwa. Rana take so da taki, Jidda kuwa ba ta rowar rana. Takin kuma kashin kifi ne da ragowar abinci, waɗanda ke zama amoniya. A tsohon tafki akwai ƙwayoyin bakteriya manne da bango da soson matatar ruwa, su ke sarrafa amoniyar ta daina cutarwa. Sabon tafki ba shi da su, sai sun ɗauki mako 4 zuwa 6 suna taruwa. Duk ranar da Baba ya sa buroshi, ya share su, lissafi ya koma ranar farko. Ga shi ruwan famfon Jidda na Bahar Maliya ne da aka cire wa gishiri aka sa masa kulorin. Kulorin na kashe bakteriyar, yana kuma ƙona abin numfashin kifi. Ina kyautata zaton shi ya tafi da biyun nan.

Kawu ɗan Maiurno: To ai abin da na faɗa ke nan, kai dai ka sa masa turanci.

Injiniya: A'a Kawu. Da rana gansakuka na sakin iskar da kifi ke shaƙa, da dare kuma ita ma shaƙa take yi. Ruwa mai ɗumi da ma iskarsa kaɗan ce: a digiri 20 lita ɗaya na riƙe wajen miligiram 9, a digiri 30 bai wuce 7 da rabi ba. Kududdufinku na gida faffaɗa ne, iska na kaɗa shi. Wannan kuwa kwano ne tsakanin katanga huɗu. Kafin asuba kifi ke mutuwa, ba da azahar ba. Baba, tsoma hannunka zuwa gwiwar hannu. In tafin ya ɓace tun bai kai can ba, kaurin ya yi yawa.

Alhaji na Jidda: Na tsoma. Ko agogona ban gani ba.

Autan Madina: Ku daina wahalar da Baba. Akwai maganin gansakuka a shagunan kifin ado, murfi ɗaya, gobe ruwa ya washe.

Injiniya: Kada ma ya soma. In ta mutu gaba ɗaya a dare guda, ruɓewarta za ta shanye sauran iskar, a wayi gari kifi ciki sama.

Gwaggo ta Makka: Ni fa tambaya ɗaya gare ni. Alhaji miya zai yi da jajayen kifin nan? Don kallo aka saye su. Yaya na ta yabon ƙiba, kifin da ba a gani ina amfanin ƙibarsa?

Kawu ɗan Maiurno: Nan kam kin kama ni. To a yi masa inuwa. A gida kainuwa da bado ke rufe ruwa, ƙarƙashinsu garau yake. In babu, ya ɗaura ragar da ake yi wa mota rumfa, ta rufe fiye da rabi. Kuma a hana jikoki watsa burodi, na san halinsu.

Injiniya: Madalla. Abinci sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti 5. Famfon iska ya kwana a kunne. Duk mako a rage kashi ɗaya cikin goma na ruwan, a mayar da wanda aka sa wa maganin kashe kulorin. Soson matatar ruwa da ruwan tafkin za a ɗauraye shi. In ana son garau da wuri, fitilar UV, mai haske mai kashe ƙwayoyi, da ruwa ke bi ta cikinta na kashe gansakuka masu yawon cikin mako ɗaya ko biyu, sai dai ba ta taɓa amoniya.

Kawu ɗan Maiurno: Fitila a cikin ruwa! Mu dai haƙuri muka sani. Ku ba shi wata biyu zai washe da kansa.

Alhaji na Jidda: Yau da zan fita sallar asuba na haska da tocilan waya. Duk sha ukun suna sama, baki buɗe suna haki. Na sayo famfon iska, raga kuma tana hannun yara suna ɗaurawa. Buroshin na mayar banɗaki. Fitilar dai ban yanke ba, amma uwargida ta ce in ba ta ga kifi kafin ƙarshen wata ba, tumatir za ta shuka a wurin.